Ƙananan Haruffan Suhaila

"Wallahi Rakan, ba don kai ne ba da tuni na rufe ƙofar nan!"

Suhaila ce ta faɗi haka tana riƙe da murfin ƙofar gidansu da ke hawa na biyu a unguwar Mansur ta Makka. Rakan yana tsaye a kan matakala da filas na kwamfuta a hannu, gumi ya jiƙe masa wuyan jallabiyya.

"Ya habibti, ki saurare ni ko minti ɗaya ne..."

"Kar ka habibti ni! Wa ya aiko ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Abuya."

Ta yi wata dariya wadda babu daɗi a cikinta. Wato yau Abdulganiyyu, mahaifin Rakan, shi ne ya tuna akwai wata Suhaila a duniya!

Duk Mansur an san labarin. Mahaifinta, Mukhtaru Zali, ya zo Hajji daga Kano shekara talatin da suka wuce, bai koma ba. A Hindawiyya ya koyi aikin ɗab'i da harshen Urdu a wurin wani tsoho ɗan Lahore. Da ya tashi buɗe shago ba shi da takardun zama, sai ya rubuta shi da sunan amininsa Abdulganiyyu, wanda haifaffen Makka ne. Shekara ashirin suna tare, har 'ya'yansu suka taso suka so juna. Da ciwon suga ya taɓa idon Mukhtaru, sai aminin ya ce masa ya zauna a gida. Da kuma maganar auren yaran ta taso, a tsakiyar titi, gaban masu sayar da masa da tsire, ya ce ɗansa ba zai auri 'yar da ko iƙama, wato takardar zama, ba ta da ita ba. Mukhtaru yana tsaye da sandarsa ya ji komai. Tun ranar bai sake sauka ƙasa ba, wata takwas ke nan.

"Katin mahajjata ne," in ji Rakan. "Guda dubu huɗu, na wani ayari daga Pakistan. Urdu da Turanci a layi ɗaya. Wanda muka ɗauka aiki ya kasa. In ya ƙara girman rubutun, Turancin ya kumbura ya fita daga katin. In ya rage, Urdun ya ɓace. Saura kwana biyar a hau Arfa, Suhaila."

"To ina ruwana?"

"Ruwanki ni. In kika fitar da shi kunya, zan samu bakin magana. Zan ce masa, ga wadda ka ƙi ta cece ka. Wallahi ina sonki, kullum da ke nake kwana nake tashi..."

Muryarsa ta karye. Tana son yaron nan, son da ko maƙiyi ya gani sai ya tausaya. Amma ta waiga ta hango mahaifinta a falo, zaune ya fuskanci bango yana jan carbi, sai zuciyarta ta bushe.

"Kawo," ta ce.

Bayan azahar ta buɗe kwamfuta. Katin ɗan ƙarami ne, na ratayawa a wuya. A jikinsa akwai lambar shema a Mina, lambar bas, da wurin haɗuwa a Muzdalifa in mutum ya ɓace. Aikin ba wani wuya gare shi ba ga wanda ya sani. Harafin Urdu a kishingiɗe yake, siriri, yana gangarowa daga sama. In aka ba shi lambar girma iri ɗaya da ta Turanci sai ya zama kamar tururuwa kusa da ƙwaro. Shi ya sa mahaifinta ya koya mata a bi kalmomin Urdun ɗaya bayan ɗaya a ɗaga su zuwa sha takwas, a bar Turancin a sha ɗaya, sannan a buɗa tsakanin layuka kada kawunan haruffan su yanke.

Haka ta yi, katin ya fito gwanin sha'awa. Ta zauna tana kallonsa.

Sai ta sake zaɓo Urdun, ta mayar da shi lamba tara.

Ta san halin mutuminta. Abdulganiyyu ya iya Larabci, don haka a ganinsa duk abin da aka rubuta daga dama Larabci ne, ba ya tambayar kowa. Kuma a kan allon kwamfuta yake duba aiki. Da can Mukhtaru ba ya bari a buga komai sai an fitar da guda ɗaya a takarda, an miƙa wa wani tsoho ya karanta. Abdulganiyyu ya soke wannan, wai ɓata lokaci ne. Ta kuma san shugaban ayarin ba ya karɓar kati sai ya gwada a kan tsofaffinsa, don haka ba mahajjacin da zai cutu. Mutum ɗaya take nema. Ta ninka girman allon sau uku, yadda duk wanda ya buɗe zai ga haruffa manya ɓaro-ɓaro, ta adana.

Da la'asar Rakan ya dawo. Ya leƙa allon, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah! Hannunki zinariya ne, ya galbi. In fitar da gwaji ɗaya tukun? Yadda Baba Mukhtaru yake yi?"

Kalma ɗaya ce tsakaninta da shi, ta sani. Ta dubi idanunsa, babu komai a ciki sai yarda.

"Ba buƙata," ta ce. "Na duba."

"Halas. In ke kika duba, an gama."

Ya sauka yana tsallake matakala bibbiyu. Ta jingina da ƙofa, hawaye ya zubo mata, ta sa bayan hannu ta goge da ƙarfi. Ai ba ita ta fara ba.

Kwana biyu injin yana aiki. An buga, an yanka, an rufe da roba, an huda an zura igiya. A rana ta uku shugaban ayarin ya zo da wani dattijo mai jan gemu, ya ɗauki kati ɗaya ya miƙa masa. Dattijon ya kai shi kusa, ya kai shi nesa, ya goge tabarau, ya girgiza kai. Aka ce shugaban ayarin ya juye kwalin katunan a bakin shago, yana faɗa da Larabci da Urdu, yana tambaya ko so ake tsofaffinsa su ɓace a Muzdalifa. Ya ba da wa'adi zuwa gobe da hantsi, in ba haka ba zai shaida wa duk ayarin da ya sani. Rabin Mansur ta tsaya kallo.

Da labarin ya iso, Suhaila ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta. Daɗi ta ji, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Ba a yi sallar la'asar ba sai ga sallama a ƙofa. Abdulganiyyu ne da kansa, yana haki, rawaninsa a karkace. Rakan yana bayansa.

"'Yata..."

"Yau kuma 'yarka ce ni, ya Ammi?" Haka take kiransa tun tana yarinya, wato baffa.

"Ki rufa mini asiri. Babu mai iya gyarawa sai ke. Me kike so?"

"A titi ka yi magana, a titi za ka janye ta."

Ya dube ta, ya dubi ɗansa. Rakan ƙasa yake kallo.

Ita ta riƙo hannun mahaifinta suka sauka a hankali. Masu abinci suka bar tukwanensu, direbobin tasi suka leƙo ta taga. A gaban kowa Abdulganiyyu ya ce Mukhtaru ne ya kafa shagon, shi ya koya masa ko riƙon takarda, kuma ya zalunce shi. Muryarsa ba ta fita sosai.

"Ba a ji ba, ya Ammi!" in ji Suhaila.

Ya maimaita da ƙarfi. Sannan ya durƙusa, tsoho da shi, ya kama hannun Mukhtaru ya sumbata yana kuka.

"Tashi, Abdu, tashi," Mukhtaru yake cewa yana lalubensa. "Ban so haka ba... wallahi ban so haka ba."

"Maganar yaran ma na amince," in ji Abdulganiyyu. "Ku shaida, bayan sallah a ɗaura!"

Wata mai masa ta rangaɗa guɗa. Suhaila ta ji kamar ta tashi sama. Ga ramuwa ta samu, ga Rakan ya zama nata, duk a yini ɗaya.

Ta karɓi filas ɗin, ta hau sama da gudu. Cikin kwata ɗaya ta mayar da Urdun sha takwas, ta buɗa layukan, ta zare filas ɗin. Da ta juyo, Rakan yana tsaye a bakin ƙofa.

"Ga shi, habibi. Ka ji abin da Abuyanka ya ce?"

Ya karɓa. Idanunsa sun yi jawur.

"Minti sha biyar," ya ce a hankali. "Ashe kin san inda matsalar take."

"Rakan..."

"Na tambaye ki ko in fitar da gwaji. Kika dube ni cikin ido kika ce kin duba."

"Ka ga abin da ya yi wa Babana! Wata takwas bai ga titi ba!"

"Na gani. Kina da gaskiya, shi ya sa na yi ta faɗa da shi a kanki har na daina cin abincin gidan. Da kin ce mini ba za ki yi aikin ba, da na sumbaci ƙafarki na tafi. Amma da hannuna kika aika masa, Suhaila. Ni na kai masa ina murna, ni na ce kar a gwada. Ni na durƙusar da ubana a titi."

"Ya amince fa! Ya ce a ɗaura!"

"Shi ya amince."

"Me kake nufi? Rakan, don Allah... ka san ina sonka..."

"Na sani. Ni ma haka, kuma ban san ranar da zai fita ba." Hawaye ya gangaro masa, bai goge ba. "Amma duk ranar da kika ce mini 'na duba', zan tashi in sake dubawa. Ba zan iya zaman aure haka ba."

Ta kama hannun rigarsa, ya zare a hankali kamar mai tsoron ji mata ciwo.

"Bari in je, akwai kati dubu huɗu kafin hantsi. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ya sauka, taka ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙasa muryoyin matan unguwa suna tasowa, suna gardamar kalar ankon biki. Wata ta ɗaga murya tana kiran amarya ta leƙo. Suhaila ta zame ta zauna a kan matakala, ta cusa mayafi a baki don kada su ji kukanta.