Zanen Zaliha

"Wallahi ba ki komawa! Na ce ba ki komawa wagga bukka, ko wa za a turo mini!"

Inna Cima ce ke wannan faɗa a tsakar gidansu da ke Allakaye, muciya a hannu, tuwon ma ta manta da shi a kan wuta. Ɗiyarta Zaliha na zaune bakin ɗaki da jaririnta a cinya, kai a sunkuye. Goyon ciki ta zo gida, ta haihu lafiya, an yi suna, an yi arba'in, har an soma haɗa mata kayan komawa ɗakin mijinta Hamidu magini a Babankatami. Sai Inna ta je Madawa ganin babbar ɗiyarta Rabi, ta dawo kamar an canza ta.

"Haba Inna, mi ya yi miki? Bai taɓa barina da yunwa ba."

"Yunwa kaɗai aka aure dominta? Tahi ki ga inda yayarki take! Bene hwa, bene! Shi kau naki, shi ka gina ma mutane, matarshi na kwana ƙarƙashin ciyawa. Ko shi gina miki irin nata, ko shi sawwaƙe miki. Na gama magana!"

Hawaye suka zubo wa Zaliha. Mahaifinta Maiguwa ya leƙo daga zaure ya ce, "Cima, ki ji tsoron Allah." Ta juyo masa da muciyar, bawan Allah ya mai da kansa ciki.

To, shi Hamidu me zai yi? Suruki ba ya jayayya da uwar matarsa, ko ido ba ya haɗawa da ita. Duk ranar kasuwa zai zo, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida Inna ta bayan darni, ita kuwa ta amsa masa da ƙyar kamar ana cire mata haƙori. Wata rana Zaliha ta samu ta fito zaure, ya karɓi yaron yana kallonsa, idonsa ya yi ja.

"Zaliha, ba ni da halin bene, ba ni yi miki ƙarya. In kin gaji, ki hwaɗa mini."

"Ni na ce maka na gaji? Kai dai kar ka gaji da zuwa."

Haka aka yi ta ja har rani ya kusa ƙarewa. Da Inna ta ga yarinyar ba ta da niyyar sauya ra'ayi, sai ta ce ai gani bai kai gare ta ba ne. Ta sa ta goya yaro, suka hau kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, zuwa Madawa.

Gaskiya unguwar ta isa a kalle ta. Tun da yaƙin Turawa ya ƙare kaya suka soma shigowa, attajiran gyaɗa da na fata da tafintocin kumandan, Baturen mulki, suka yi ta gini a can bayan bariki. Hanya shararriya, gidaje fari fat, ƙofofin katako da shuɗin fenti, tagogi har da gilashi. Gidan Ɗanasabe, mijin Rabi, shi ne mai bene na tsakiya. Rijiya a cikin gida, babu mai zuwa ɗibar ruwa da tulu a ka. Gadon ƙarfe da gidan sauro, madubi tsayin mutum, ga garmaho a kan tebur yana waƙa shi kaɗai. Yarinyar gida ta kawo shayi da sukari a faranti, Inna ta zunguri Zaliha da gwiwar hannu.

"Kin gani ko? Dubi hannun yayarki, awa auduga! Dubi naki!"

Rabi ta rungume ƙanwarta tana murna, ta karɓi yaron. Kafin a jima matan maƙwabta sun shigo gaisuwa, suna ƙamshin turare, awarwaro na ƙara. Kaltume matar tafinta, wadda ba ta iya riƙe magana, ta ji an kira sunan baƙuwar sai ta ajiye kofinta.

"Ke! Ke ce Zaliha? Zaliha mai zanen? Ku zo ku gan ta, ga mai zanen nan!"

Matan suka yo kanta caa, suna dariya suna tafa hannu. Zaliha ta dubi zanen da ke jikinta, baƙin saƙi ne da ya sha wanki har ya koɗe, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Inna Cima kuwa ta miƙe tsaye.

"Lalle! Don kun ɗaura na kanti shi ne za ku yi ma ɗiyata dariyar zanenta? Ai ba laihinta ba ne, laihin matsiyacin da..."

"Inna, tsaya!" Rabi ta katse ta tana dariya har da riƙe ciki. "Ba zanen ɗaurawa suke nuhi ba. Zanen bango! Ku taho ku gani."

Ta ja su suka hau matakala zuwa ɗakin sama. Zaliha ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak. Tun daga saman ƙofa har kewayen tagogi, an fitar da ado a jikin yaɓen: tauraro a tsakiya, sawun kurciya na zagaye shi, kowane sawu ya ɗan karkata hagu. Ta san wannan karkatar. Kuskurenta ne, tun tana budurwa, a kan faifan da ta saƙa ta rufe furar da ta fara aika wa Hamidu. Ƙawayenta sun yi ta yi mata tsiya a kan sawun kurciyar nan mai ɗingishi.

Ta sa hannu ta shafa bangon, sai kuka ya ƙwace mata.

"Shi ya yi wanga?" Inna ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Shi ya gina gidan duka, Inna," in ji Rabi. "Haihwan da Zaliha ta saƙa mishi na cikin jakarshi, shi ajiye shi bisa dutse shina kallo shina yi. Mai gida ya ce mishi sawun ya karkace, shi gyara. Ya ce a'a, haka mai shi ta yi shi, in ba a so a kira wani magini. Da anka tambaye shi sunan adon, ya ce zanen Zaliha."

Kaltume, wadda ta biyo su tana haki, ta ce, "Yanzu duk unguwag ga ba mai son wani ado sai shi. Ni ma sai da na hana nawa mijin sakat kahin ya sa anka yi mini!"

Rabi ta zauna a bakin gadon ƙarfe, ta daina dariya.

"Inna, ban raina abin da Allah ya ba ni ba, mijina mutumen kirki ne. Amma shina Kano, shina Sakkwato, sai in yi wata ban gan shi ba. In na kwanta nan, sunan ƙanwata nike kallo bisa bangona. Ki raba ta da mai sonta haka, ki ba ta mi?"

Inna Cima ta matsa kusa da adon. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta share ido da bakin mayafi, ta hau faɗa don kar a gane.

"To ke kuma kukan mi kike yi? Ɗauki ɗanki mu tahi! Mutum na can na jiranki kin tsaya shahwar bangon mutane!"

A makon nan aka mai da Zaliha Babankatami, Inna da kanta ta ɗauki tulun gara ta shige gaba. Da Hamidu ya durƙusa gaishe ta, ta kau da kai ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana." Sai hawaye suka zubo masa.

Bene dai bai samu ba. Amma aiki ya yi ta zuwar wa Hamidu daga Buza har Keita, kuma kafin a yaye yaron ya tayar wa matarsa da ɗan soro mai ɗaki biyu, ita ke ɗebo ruwa shi yana kwaɓa ƙasa. Duk daminar da ta zo, Inna can take zuwa ta yi kwanaki, tana cewa nan ta fi jin daɗin barci.

Ku 'yan mata, da ku iyaye, ku ji da kyau. Gida mai kyau ni'ima ce, ba wanda ya ƙi shi. Amma kafin ku auna tsayin ginin mutum, ku duba inda ya ajiye ɗiyarku a zuciyarsa. Zaliha ta yi haƙuri ba ta saɓa wa uwarta ba, ba ta kuma saki mijinta ba, sai Allah ya bar mata su duka biyun.