Wanda Ya Tone Lambun Sainimili

"Kaka! Wa ya taɓa min lambu?!"

Sainimili ta saki kwandon kasuwa, rogo ya tarwatse a ƙasa. Inda ta bar aloberarta jere da safe, shukar da ta gada daga marigayiya mahaifiyarta, yanzu ramuka ne kawai.

Kakarta ta leƙo daga kicin tana goge hannu. "Ba ke kika aiko Penioni da mota ba? Cewa ya yi kin ce a kai su bakin teku."

"Ni?!"



Penioni fa, saurayinta! Bara, da wutar gonar rake ta lashe masa hannu da kafaɗa, ita ta ci gaba da jinyarsa bayan an sallamo shi daga asibiti. Kullum sai ta yanko ganye mai kauri, ta tsayar da shi ruwan ɗacin ya tsiyaye, ta feɗe, ta shafa masa sanyin cikin. Wata uku cur. Shi kuma ya lumshe ido, ya kira ta da gajeren sunanta yana cewa, "Sai ɗina, da kafaɗar ta warke zan kawo tabua gidanku." Tabua, haƙorin ƙaton kifin teku, da shi ake neman aure a ƙasarsu.

Mahaifiyarsa dai ba ta taɓa ɓoye ƙiyayyarta ba. "Ɗana ba zai ƙare da mai tallar ganye ba," take faɗa har a ƙofar coci.

Gida ɗaya Sainimili ta sani a bakin teku, masaukin baƙi na kawun Unaisi, aminiyarta tun firamare. Ko ruwa ba ta sha ba ta tari bas a titin Rakiraki.

Tun daga ƙofa ta hango su. Shukokinta, jere cikin sababbin tukwane. Ga Unaisi tana shafa wa wata Baturiya da rana ta ƙona wa baya, tana yanka ganyen daidai yadda Sainimili ta koya mata.

Penioni na gefe riƙe da shebur.

"Sai..."

"Kar ka kira sunana!"

Unaisi ta sallami baƙuwar, ta tako tana murmushi. "Haba ƙawata, ganye ne fa. Ke a kasuwa kike ɓarnar da shi, nan kuwa layi ake yi masa."

"Da ke nake?" Sainimili ta juya ga Penioni. "Har Kaka ka yi wa ƙarya, Peni? Tsohuwar da take ajiye maka kan kifi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na so in faɗa miki. Kawunta ne ya ba ni aiki, na bar saran rake. Kuma Inna ta matsa..."

"Faɗa mata sauran mana," in ji Unaisi.

Penioni ya kau da kai gefe.

"To ni bari in faɗa. Asabar ɗin nan kawunnansa suka kawo tabua gidanmu. An karɓa."

Haƙorin neman auren da ta shekara tana jira!

 Sainimili ta kalli hannun da ke riƙe da shebur, fatar ta yi luf, tabon da ƙyar ake gani. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Asabar..." ta ce a hankali. "Ranar Lahadi kuma ka zo ka ci gwaza a gidanmu, ka ce in shafa maka kafaɗa."

Murmushin Unaisi ya ɗauke. "Lahadi? Ba ka ce kana Tavua wajen yayanka ba?"



Sainimili ta juya ta kama hanya. Penioni ya yar da shebur ya biyo ta da gudu har bakin titi.

"Sai, ki tsaya! Ke nake so, ita ce ta shirya komai! Zan mayar miki da shukokin, duka, yau ɗin nan!"

"Za ka mayar, ai dole. Kawuna zai zo da mota, shi da dagaci."

"Mu kuma fa, masoyiya?"

Bas ta tsaya. Ta ɗora ƙafa a kan matakala, sannan ta waiwayo ta dube shi sosai.

"Koma ciki, Penioni. Matarka na da tambaya."