Ranar da Inna Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Wasila ta durƙusa ta ɗauke kwanon tuwon da surukarta Inna Halima ta suɗe tas. Tana wanke shi a bakin rijiya sai ga sallamar Tambaya, ƙanwar mijinta, ta sauko daga motar Gusau da ledar lemo a hannu.

"Inna, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Tsohuwa ta kama hannunta, ido ya ciko da ƙwalla. "Ɗiyata, gara da kinka zo. Tun jiya ko koko ba a ba ni ba."

Tambaya ta juyo a hankali ta dubi kwanon da ke ɗigar ruwa a hannun Wasila.

"Sannu, amaryar Bungudu. Kin ci kin wanke, uwarmu na kwance da yunwa."

Da wane harshe Wasila za ta ce surukarta ta faɗi abin da ba shi ba?

Auren so ne fa. Lukuman direban bas ne tsakanin Tsafe da Gusau, amma lokacin da yake nemanta har Bungudu yake zarcewa da mota ba fasinja, don kawai su gaisa a zaure. Inna kuwa da bakinta ta ce ɗiya ta samu. Daga baya ne ta fara sallar la'asar sau biyu, tana ajiye takalminta cikin tukunya. Wasila ta gani, ta riƙa gyarawa a ɓoye don kada a ce tsohuwa ta zare. Wauta ce, in faɗi gaskiya, amma wautar mai kunya.

Da Lukuman ya dawo, Tambaya ta tare shi tun daga ƙofa. Ya shigo ɗaki ko hula bai cire ba.

"Wasila, don Allah faɗa mini gaskiya."

"Wallahi na ba ta, ta ci."

"To Inna ƙarya taka yi ke nan?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka kan zaninta.

"Tafi gida, sai na neme ki."

A Bungudu ba zancen mutane ne ya fi cin ranta ba. Lukuman take tunani, da kuma tsohuwar da ba ta shan koko sai an fifita mata shi. Uwarta ta ce, "An kore ki kina kukan wadda ta sa anka kore ki?"

Wata rana da hantsi aka ce ana sallama da ita. Ta tarar da Lukuman a zaure ya rame, mabuɗin mota a hannunsa.

"Inna ta kira sunana," in ji shi.

Wasila ta dafe ƙirji. Shi ne ɗan fari. Tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai ta ce wancan, ko mai mota.

"Tambaya ta dafa mata shinkafa da wake, ta cinye a gabanta. Maƙwabciya na shigowa ta ce ba a ba ta komi ba. Ina shiga ta dube ni ido cikin ido, ta ce, Lukuman, wace ce wagga mata da ta zauna mini a ɗaki? Tambaya fa take nufi, Wasila. Ɗiyarta." Ya ci gaba da cewa, "Mun kai ta asibiti Gusau. Nas ta yi mana tambayoyi, ba wanda ya iya amsa ko ɗaya. Ta ce a zo da mai zama da ita. Na zalunce ki. Ban san da wane ido zan roƙe ki ba."

Ita dai mayafinta ta koma ta ɗauko.

Sista Mansura, ma'aikaciyar jinya ta ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, ta saurari labarin takalmi da la'asar har ƙarshe, sannan ta ajiye biro.

"Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma sharri take yi ba. Ciwon mantuwa ne na tsufa. Ta ci, amma ƙwaƙwalwar ba ta riƙe ba. In ta ce yunwa take ji, kada a yi gardama da ita, a ba ta ɗan kaɗan. A bar mata hannun da ta saba da shi. Ke kuma, ɓoyon da kika yi ya kusa cinye miki aure."

"Sista, za ta warke?" in ji Lukuman.

"A'a. Ba zan ruɗe ka ba. Kulawa ce maganinta."

Tambaya ta rufe fuska da gyale. Da suka fito ta kama gefen mayafin Wasila. "Anti, yafe mini." Wasila ta ce ya wuce, duk da zuciyarta ba ta gama hucewa ba.

Ta koma ɗakinta a Tsafe. Lukuman ya daina lodin ƙarshe, yana dawowa da wuri ya zauna kusa da uwar da wani lokaci take tambayarsa ko ɗan gidan wa ne. Dangin da suka zagi Wasila su ne yanzu ke aiko mata da gaisuwa da turmin atamfa. Haƙurinta ya dawo mata da mijinta da mutuncinta, amma bai dawo da Inna ba.

Ku 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Kunya ado ce, amma ba a rufe ciwo da ita. Ku kuma dangin miji, ku bincika kafin ku raba mutum da matarsa.

Har Allah ya karɓi ran Inna, in baƙo ya shigo takan ce ba a ba ta komi ba. Wasila sai ta ce, "Gaskiyarki, Inna, ga shi nan na kawo." Ta zauna ta fifita kokon, tsohuwa ta buɗe baki, ta ƙi karɓa a hannun kowa sai nata.