Kabad Mai Madubi

A waya na ga tallan: kabad ɗin kaya mai madubi, kuɗinsa bai kai na kujera ɗaya ba. Na ja yayana kafinta ya duba mini, don shi ba ya yarda da katako sai ya ƙwanƙwasa ya ji ko gara ta ci.

Da almuru muka sami gidan. Falon fayau, sai kabad ɗin a tsakiya yana ƙarnin mahauta. Mai sayarwar wani dogo ne, sai bakinsa ya gama motsi muryar take fitowa.

Yaya ya ƙwanƙwasa sau uku. Daga ciki aka mayar masa sau uku.

"Ɓera ne," in ji dogon.

"Ɓeran da ya iya ƙirga?" Yaya ya yi dariya, ya buɗe, ya zura kai.

Murfin ya datse masa wuya, ƙashi ya ce ƙas. Na rungumi ƙafafunsa ina ja ina ihu, ana ja daga ciki, har aka bar ni da takalmi ɗaya a hannu. Jini ya biyo ta ƙasan murfin ya jiƙa mini ƙafa.

Dogon ya saita waya zai ɗauki sabon hoto. A madubin na ga wayar tsaye a iska, babu hannun da ya riƙe ta. Haka take a hoton tallan, ni shashasha farashi kawai na kalla.

"Auta, ɗan matsa," ya ce da muryar Yaya. "Kina shiga hoton."