Gwamma Ki Zauna a Gwarzo

Bazarar shekarar ta zo da zafin da ko ƙadangare ba ya yarda ya tsaya a kan katanga. A irin wannan rana Gwamma, malamar Islamiyya daga Gwarzo, ta je Kabo gaida gwaggonta Uwaliya, ta tarar da ɗakin kwanon nan kamar tanda. Wutar lantarki an manta da ita, man janareto kuwa sai wane da wane.

"Ɗauko tabarma mu je shan iska," in ji Gwaggo.

"Wace iska kuma? Ko ganye ba ya motsi."

"Ke dai biyo ni."

Bakin dam suka nufa, can gefen wata gona da aka jera wa darbejiya da mangwaro. Mata na zaune a ɓangarensu suna tsifar kai, dattawa sun miƙe ƙafa a nasu, samari na buga ƙwallo a kan yashi. Iskar da ke tasowa daga ruwa ta bugi fuskar Gwamma, har ta lumshe ido.

Da ta buɗe sai ga wani dogon saurayi da bokitai biyu, ya tsaya yana gaida Gwaggo.

"Ina wuni, Gwaggo? Ya gida, ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne, Hammadu. Ya Bappanka, ya shanu?"

Gwamma ta ji bakinta ya riga ta. "Wurin nan na waye?"

"Na duk wanda zafi ya koro," ya amsa, bai ko ɗago sosai ba, alhali gonarsa ce, shi ya dasa bishiyoyin. Ruwan bokitin dai rabinsa a ƙafarsa ya ƙare, bishiyar da yake ba ruwa ta kwana da ƙishi.

Daga nan Gwamma ta zama mai zumunci, gwaggon da a da sai Sallah ake tunawa da ita ta koma abar ziyara kowace Alhamis. Waya sabuwar aba ce a lokacin, guda ɗaya ce a gidansu, ta Inna, kuma sai an tsaya jikin rumbu take kama sabis. A nan take karanta saƙonninsa.

"Sanyina, yau iskar dam ta tambaye ni ke. Na ce mata kina Gwarzo kina soyuwa."

Ita kuma ta rubuta: "Makiyayin bishiyoyi, ka gaishe ta. Ka ce ina nan tafe."

Sonsa take yi, wannan ba ta musu. Abin da ya hana ta sakat shi ne zaman Kabo, nesa da Inna da ɗalibanta. Ta taɓa tambayarsa ko zai dawo Gwarzo, ya yi dariya ya ce bishiyoyi ba sa hawa mota.

Ana haka maganar ta kai kunnen mahaifinta, Malam Uzairu, ta bakin Najmuddeen, tsohon ɗalibinsa mai kantin magani, wanda ya daɗe yana yi wa Gwamma tallar fankar ɗakinsa. Kafin labarin ya iso zaure, wurin shan iska ya riga ya zama matattarar 'yan iska.

"Ana ta Shari'a, 'yan Hisba na zagaye gari, 'yata za ta auri mai tara 'yan iska?"

"Baba, shan iska fa ake yi, har masallaci Hammadu ya kewaye da duwatsu."

"Ban yarda ba. Tashi ki ba ni wuri."

Ta shirya ranar Alhamis za ta je Kabo ta kai wa Gwaggo kuka. Da safe ta ɗaura mayafi ke nan, wayar ta yi ƙara.

"Gwamma ki zauna a Gwarzo. Kada ki zo."

Ta karanta, ta sake karantawa. Babu Sanyina, babu gaisuwa. Wato ya auna ya ga gara ta zauna a garinsu, shi ya zaɓi bishiyoyinsa. To me ta yi masa? Ko labarin Baba ne ya kai masa ya karaya? Ta kira, sabis ya ɗauke. Ta zagaye rumbun nan da waya a sama har kaji suka watse. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

"Inna, ki gaya wa Baba na haƙura da Hammadu."

"Ikon Allah! Jiya kin ƙi tuwo saboda shi."

"Shi ya haƙura da ni."

Malam bai wuni a gida ba. Sai bayan la'asar ya shigo, fuskarsa a sake, da mangwaro a leda.

"Kira min Gwamma. Na ba yaron nan."

"Wane yaron?" in ji Inna. "Najmuddeen?"

"Wane irin Najmuddeen? Hammadu. Bappansa Jalo ya zo da sassafe ya roƙe ni in je in gani da idona. Na je, na ja su sallar azahar, na kishingiɗa a inuwa, ban farka ba sai da aka kira la'asar."

"To ai ita ta fasa."

"Ta fasa? Ni da na ƙi na yarda, ita da ta so ta ƙi? Wai me ke faruwa a gidan nan?"

Gwamma ta fito da jajayen idanu, ta durƙusa ta miƙa masa wayar. Malam ya nisanta ta da fuskarsa, ya karanta a hankali yadda yake biya wa ɗalibai allo. Sai ya dubi 'yarsa.

"Ke malama ce kuwa? Ina waƙafi? Saurara. Gwamma," ya ja numfashi, "ki zauna a Gwarzo. Sunanki ya kira. Ya san ina tafe, bai so in tarar da ke a can in ce abin da aka faɗa gaskiya ne."

"To me ya hana shi cewa..." Ta haɗiye sauran.

"Cewa me? Wayar uwarki ce, ni ma ina dubawa. Kin zaci ban san wace ce Sanyina ba?"

Inna ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Gwamma ta rufe fuska da mayafi, kunya da daɗi suka haɗe mata, ta rasa wanne za ta fara ji.

An ɗaura aure da faɗuwar ruwan farko, aka kai amarya Kabo ƙasa na ƙamshi. Da za ta fita, Malam ya dafa kanta ya ce Allah ya sanyaya mata gidanta, ya ba su zuriya mai albarka.

Tsoronta na kewar gida bai je ko'ina ba. Alhamis ta farko da azahar, Hammadu ya leƙo ɗaki yana murmushi.

"Sanyina, kin yi baƙo."

Ta fito da sauri. Malam ne tsaye da tabarmarsa a hammata, Inna na bayansa da kwanon fura.

"Na zo ganin ɗakinki ne," in ji shi, idonsa na can wajen bishiyoyi. "Allah ya yi muku albarka. Hammadu, inuwar nan tawa ba kowa a ciki ko?"