Kaset Ɗin Baba

"Ɗana ba zai auri 'yar Gyangyaɗi ba! 'Yar ɗan wasan kwaikwayo? Allah ya kiyaye!"

A gabana Hajiya ta faɗa, ina durƙushe ban ko gama gaisuwa ba. 'Yar ƙanwarta, wadda take so ya aura, ta rufe baki tana dariya. Shi kuwa Injiniya, masoyina mai gyaran talabijin, kansa na ƙasa.

"Mama, don Allah..."

"Rufe min baki!"

Gyangyaɗi shi ne Babana. Shekaru talatin da suka wuce yana fitowa a wani shirin talabijin a matsayin maigadi mai barci a bakin aiki. A lokacin unguwa guda kan taru a gidan mai talabijin don a gan shi. Har yau in yaro ya yi barci a aji, da sunan ake tsokanarsa.

Na koma gida zuciyata na tafasa. Na ɗauko kaset ɗaya tak da ya rage mana na shirin, na saka a tsohon bidiyonmu, don in ga abin kunyar da ke ciki.

Sai ga wata budurwa ta fito, 'Yar Tsiwa, ta ja ɗankwali har gira. 'Yan matan lokacin a ɓoye suke zuwa yin wasan, ba a rubuta sunansu. Ta riƙe ƙugu ta daka wa maigadi tsawa. Ga wushirya, ga tabo a haɓa, ga muryar da ta gama yi min wankin babban bargo ɗazu!

"Baba... wannan ba Hajiya ba ce?"

Ya tashi ya kashe.

"Ba ki ga komai ba, 'yata. Na yi mata alkawari."

Shi ya yi alkawari. Ni ban yi ba.

Na kira Injiniya da murya kamar zuma.

"Hasken idona, ina son in shirya da Mama. Ranar da ƙawayenta za su taru, ka haɗa min bidiyonmu da talabijin ɗinta. Kyauta ce."

"Allah ya bar min ke, abar ƙaunata!"

Ranar falon ya cika maƙil. Ya durƙusa yana haɗa wayoyi, har yana min murmushi. Kiɗan buɗe shirin na tashi, matan suka ɗau shewa.

"Wayyo ƙuruciya! A tagar maƙwabta nake leƙen wannan!"

Suna ta kwasar dariya, har 'Yar Tsiwa ta riƙe ƙugu. Dariyar ta fara mutuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna kallon tabon haɓar Hajiya.

Na gyara zama, na ce da ƙarfi, "Mama, ashe abokiyar aikin Gyangyaɗi ce ke?"

Wallahi na ji daɗi! Har cikin ƙashina na ji shi.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ƙura wa talabijin ido, leɓenta na bin maganganun yarinyar, hawaye na zuba.

"Mayar da shi baya," ta ce a hankali. "Ban taɓa ganin kaina ba. Gidanmu babu talabijin... da mahaifina ya ji labari, dukan da ya yi min sai da na yi wata ina jinya."

Ta dube ni.

"Na zagi ubanki don ina tsoron ya tona ni. Ashe shi ya fi ni mutunci."

Bayan kwana biyu ta zo gidanmu da kanta, ta nemi gafarar Baba, ta ce ta amince. Na ruga shagon Injiniya kamar zan tashi sama.

Yana kwance murfin bayan wata talabijin, bai ɗago ba.

"Masoyi, Mama ta yarda!"

"Na ji."

"To... ba ka murna?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Idanunsa jawur.

"Da hannuna kika sa na tozarta uwata a gaban ƙawayenta. Kina kirana hasken idonki, ina haɗa miki wayar."

"Ita ta fara! Ubana ta zaga!"

"Ita zaginki ta yi a fili. Ke kuwa da soyayyata kika yi farauta."

"Don Allah ka saurare ni..."

Ya miƙo min bidiyonmu, an naɗe wayoyinsa tsaf.

"Mama ta yarda. Ni ne ban yarda ba."