Tagar da Gwadabe ya toshe

A shekarar da aka yi wa makarantar 'yan mata rufin kwano, bazara ta yi tsanani a Kano. Hadari yakan haɗu ta gabas ya tsaya, ba iska, ba ruwa, sai gumi da ke manne wa mutum riga a baya.

Gwadabe magini ne a Dukawuya, mutum mara yawan magana. 'Yarsa ɗaya, Luba, tana aji uku a wannan makaranta. Shi aka kira ya toshe tagar ajinsu ta gefen gabas, don malamar ta ce yara suna leƙen hanya ba sa kallon allo. Ya jera tubali, ya shafe da laka, ya wanke hannu ya tafi.

Daga ranar ajin ya zama tanderu. Yara suka riƙa faɗa a kan abin da bai kai ba. Wata ta yi ta kuka, a tambaye ta dalili ta ce ba ta sani ba. Luba, wadda dariyarta ke riga ta shigowa gida, ta koma dawowa shiru. Gorar ruwan da takan kawo babu ko ɗigo, yanzu a cike take dawowa da ita.

"Ba kya shan ruwan ne?" in ji Hajo, uwarta.

"Ai ba ni ke shanyewa ba, Inna. 'Yardada ce, mai zama kusa da ni a bakin taga. Kwana uku ba ta iya ɗaga kai."

Gwadabe yana alwala, ya ji, ya ci gaba da wanke ƙafa.

Ran Laraba da almuru, kaji sun shiga akurki, Hajo tana kwashe tuwo, sai wani abu ya faɗo tsakar gida. Gwadabe ya ɗauka ya yar da sauri. Gutsuren tubali ne, da zafi kamar daga wuta aka zaro shi. Wani ya faɗo, wani ya biyo. Ya duba na ukun da kyau, ya ga shatin yatsunsa a jikin lakar.

Luba tana zaune a bakin randa. Zufa na zuba daga goshinta, idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa.

"Luba. Ke Luba!"

Ba ta waiwayo ba. Kuka take, amma ba kukan yarinya ba ne. Kukan babbar mace ne.

Kwana huɗu ana haka. Duk almuru tubali ya zubo, Luba ta ƙi ci, ta ƙi sha, jikinta kamar garwashi. Gwadabe ya je makarantar ya tambayi malamar ko wace ce 'Yardada. Ta dube shi ta ce ba ta taɓa samun mai wannan suna a ajinta ba. Daga can bai koma gida ba, sai Ƙofar Kabuga, wurin Malam Nata'ala.

Malam ya zo bayan la'asar. Tsoho ne siriri. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna a gefen kan yarinyar ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Can sai bakin Luba ya buɗe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa na ƙonu tun kafin ka zo."

Hajo ta toshe baki da gyale.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Uwar 'Yardada ce. Gidanmu a kaurin bangon nan yake, ƙarƙashin tagar, tun kafin a kira wurin makaranta. 'Yata tana son karatun yaran. Takan zauna inda iska ke shigowa, wannan yarinyar ta riƙa ba ta ruwa." Kan Luba ya juya wajen Gwadabe. "Kai magini. Ubanka ya koya maka kafin ka toshe kafa a tsohon bango ka yi sallama, ka bar kwana ɗaya masu wurin su fita. Ka yi?"

Gwadabe ya sunkuyar da kai. "Ban yi ba. Sauri nake."

"Tana ciki ka shafe. Kwana bakwai tana kiran ruwa ƙarƙashin kwanon nan. Ranar Laraba ta daina."

 

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam. "Me kike nema?"

"'Ya a madadin 'ya."

"Wannan ce ta shayar da taki. Ita za ki ɗauka?"

 Hawaye suka gangaro ta gefen kunnen Luba.

"Ita kaɗai ta taɓa ce mata sannu," in ji muryar, ta yi ƙasa. "To. Ya buɗe tagar da hannunsa, ba da guduma ba, kada ya ji wa abin da ke ciki ciwo. Ya ajiye tulun ruwa a wurin. Sauran yaran ma suna wahala, ba mai tambayarsu. Ni na bar unguwar nan, ba zan iya ganin bangon ba."

Luba ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Inna, ruwa."

Washegari da sassafe Gwadabe ya tsaya a bayan ajin ya yi sallama, ya jira, ba wanda ya amsa. Ya ɓanɓare lakar da yatsu har farcensa biyu suka fita. Da tubalin ƙarshe ya zame, iska ta shiga, ya ji yara a ciki sun sauke numfashi gaba ɗaya.

Luba ta warke, ta koma aji. Takan matsa gefe a kan benci ta bar wurin mutum ɗaya. Gwadabe kuwa kullum da safe shi ke kai tulun bakin taga, da yamma ya biya ya leƙa ciki. Ya yi haka har ƙarfinsa ya ƙare. Yara sun san ruwan 'Yardada ne, ba sa taɓawa. Bai taɓa tarar da ruwan ya ragu ba.